Sallamar Wahabu

Yayana Wahabu mutum ne da in ka ce masa tsaya nan ina zuwa, to ko kasuwa za ta ci ta watse, a nan za ka dawo ka same shi, har ma shi zai riga ka cewa sannu da hanya. Ni kuwa ƙanwarsa Abibatu, Allah bai yi ni da irin wannan haƙurin ba. Shi ya sa labarinsa yake ƙona mini rai har yau, shi ya sa kuma ni zan ba da shi, don in aka bar shi da bakinsa cewa zai yi ba abin da ya faru.

A Salaga aka haife mu, a gidan da kakanninmu fatake suka sauke kayan goro suka ƙi ƙarasawa gida. Tun yana ƙarami Wahabu ba ya ganin abu ya bar shi. In motar doya ta tsaya a tasha sai ya zagaye ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya dawo gida ya zauna ya rufe ido, yana juya yatsa a iska kamar mai gauraya kunu. In ya buɗe idon sai ya ɗauki wuƙa da guntun rogo, ko sabulun innarmu in tsautsayi ya ja shi, ya fito da motar nan har da ƙafar safaya. Ni nakan ce aljanunsa ne suke yi masa karatu. Ya sha duka a kan sabulu, bai daina ba.

A shekarar 1981 babanmu ya ga ciwonsa ba na tashi ba ne, sai ya ɗauki Wahabu ya kai shi Yendi wurin abokinsa Alhaji Sidiku, mai zubin tukwanen alminiyom. A gaban mutane ya damƙa hannunsa a hannun Alhaji, ya ce wa Wahabu kada ya kuskura ya bar gidan nan sai ranar da maigidansa ya sallame shi da bakinsa. Kafin kaka baba ya rasu, maganar nan ta zama wasiyya.

Wanda bai taɓa ganin zubi ba zai ɗauka narka ƙarfe shi ne aikin. Narkawa ko wa ya iya: a tara tsoffin fistin na mota da fasassun tukwane, a zuba gawayi, a juya ƙafar keke ta hura wuta. Aikin yana wurin abin da suke kira uwa, wato siffar tukunyar da ake so, wadda ake sassaƙawa da katako a raba ta biyu. Ita ake binnewa cikin jiƙaƙƙen yashi a akwati, a daddanne, a buɗe akwatin a zare ta a hankali, ta bar gurbinta, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbin. In uwa tana da wani lungu da zai kama yashi, to wajen zarewa sai gurbin ya rushe. In kuma an sassaƙa ta daidai girman tukunyar da ake so, tukunyar sai ta fito ƙarama, don ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Maƙera da yawa ba su damu ba, tsohuwar tukunya suke dannawa a yashi su zuba sabuwa, gobe su danna sabuwar su zuba wata, har mace ta sayi tukunyar da aka ce ta mudu goma ce ta tarar takwas take ci da ƙyar.

Alhaji Sidiku bai daɗe ba ya gane abin da Allah ya kawo masa gida. Ya cire Wahabu daga hura wuta ya ba shi kayan sassaƙa, kurfi da gizago, da wani ɗan lungu a bayan rumfa. Daga nan tukunyar gidan Alhaji ta yi suna, har daga Saboba da Nalerigu mata suke aiko a saya musu. Ba tukunya kaɗai ba. Tela zai kawo karyayyar ƙafar keken ɗinki, mai injin niƙa ya kawo wani murfin da ko a Tamale babu, Wahabu ya juya abin a hannu, ya rufe ido, yatsan nan ya hau yawo a iska, bayan kwana kaɗan uwa ta fito, ta kuma zare daga yashi sumul.

Su masu zubi suna da al'adarsu. Yaro yakan yi shekara huɗu ko biyar, sai maigida ya tara 'yan sana'a a raba goro. Samari na ce wa ranar firidom, manya na ce mata sallama. Maigida zai miƙe ya faɗi sunansa da sunan wanda ya sallame shi, ya ce shi ma yau ya sallami wane, ya miƙa masa ludayin zubi da uwa guda, a shafa fatiha, daga ranar ya zama masta mai zaman kansa. Wanda ba a yi wa haka ba, ko gemunsa ya kai ƙirji yaro ne. Ba ya zama kan benci in manya sun taru, ba ya buɗe rumfa da sunansa a garin, kuma ba zai iya sallamar kowa ba, tunda ba ka ba da abin da ba a ba ka ba. Wani abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaro ba ya roƙon sallama. Rashin kunya ne. Sai dai ya jira.

Wahabu ya jira. Ya ga yunwar 83 a gidan, lokacin da mutane ke kawo tukwanensu su sayar maimakon su saya. Ya ga yaran da suka zo bayansa sun yi shekara biyar, shida, sun gaji, sun tattara tsummansu sun gudu Kumasi ko Ankara babban birnin ƙasar, inda ba mai tambayar wa ya sallame ka. Alhaji bai taɓa sallamar ko mutum ɗaya ba. Duk zangon Yendi an san haka, ana cewa tsohon mugun marowaci ne, ba ya son ya ga wata rumfa kusa da tasa. Amma shi ne ya fara kawo sana'ar garin, shi ake sa wa kujera a gaba in wani zai sallami yaronsa, don haka a bayan ido kawai ake maganar.

Ni ma da na so in ce mugu ne in huta, sai dai ba mugu ba ne, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Kwano ɗaya suke ci da Wahabu. Shi ya nema masa auren Lariba, ya ba su ɗaki a gidansa. Lokacin rikicin 94, da gari ya hargitse aka rufe hanyoyi, tsohon nan da kansa ya goyi 'yar Wahabu zuwa inda aka tara mata da yara. Matarsa ta rasu tuntuni, 'ya'yansa mata biyu suna aure a nesa, Wahabu yake kira ɗana. Amma da zarar hira ta karkata wajen sallama, ko da wani baƙo ne ya taɓo ta cikin raha, sai Alhaji ya duba rana ya ɗauki buta, ko da lokacin salla bai yi ba.

Ni a lokacin na yi aure ina fatauci, in kai doya Kumasi, in hau Bawku in sauko da albasa, duk sanda na biyo ta Yendi kuwa sai na tsaya mun yi faɗa. Nakan ce masa mutum mai 'ya'ya uku yana zama a ƙasa sa'annin ƙannensa suna kan benci, matarsa tana sayar da koko don a ci a gidan, wannan wace irin rayuwa ce? Yakan yi murmushi ya ce Alhaji ya san abin da yake yi. Wata rana na ce to ni zan je in tambayi Alhajin, ya kama mayafina ya ce in na yi haka kada in ƙara kiransa yaya. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, sai na bari.

A 1997 Alhaji ya aike shi Kumasi sayen tsoffin injina, muka hau mota ɗaya. A unguwar makanikai muka ci karo da Fatawu, ɗaya daga cikin yaran da suka gudu daga gidan Alhaji. Ya yi ƙiba, yana aiki a wata babbar maƙera da ke zubin faifan injin niƙa. Ya rungume Wahabu ya ce, "Kai har yanzu kana can? Tsohon nan ba zai ba ka firidom ba koraa, ko a mafarki. Zo ka ga wani abu."

Ya kai mu wani ɗaki mai fanka a bayan maƙerar. Mai wurin, wani Batone ɗan asalin Kumasi da ya daɗe yana aiki a Jamus, ya dawo da kwamfuta, a cikinta akwai manhajar zana siffofin abubuwa kafin a ƙera su. Yana zaune gabanta yana tura wani ɗan abu mai igiya a kan tebur. A gilashin akwai wani murfin famfo da aka zana da layuka kamar komar masunta. Ya taɓa wani wuri, murfin ya juya ya nuna bayansa. Ya sake taɓawa, ya kifa. Ya yanka shi biyu a cikin gilashin, ga kaurin bango a fili, ba wuƙa ba garin katako. Ya buga wasu lambobi, siffar ta ɗan ƙara girma daidai yadda ƙarfe zai tsuke. Fatawu yana fassara mana, ya ce mutumin ya ce a Jamus har akwai injin da ake ba shi wannan zanen ya gina uwar da kansa, shimfiɗa kan shimfiɗa, kowace siririya kamar takarda, har ta tashi tsaye, kuma yana da burin wata rana ya kawo irinsa.

Ni dai na ga talabijin ce marar waƙa. Da na waiwaya sai na ga Wahabu ya dafa bango. Ya roƙi a sake juya murfin, aka juya, ya roƙa a mayar da shi yadda yake, aka mayar, bai canja ko kaɗan ba. Daga baya ya gaya mini shi in ya juya abu a kansa ya kai bayansa, wani lokaci gaban yakan ɓace masa, sai ya sake daga farko, amma wannan abin ba ya mantuwa. Mai wurin ya ce mutumin da yake nema shi ne wanda ya san yadda abu yake fita daga yashi, kwamfutar shi zai koya masa, in Wahabu yana so ya zo a gwada shi wata uku.

Muka kamo hanyar komawa a mota har muka wuce Ejura. Can sai ya ce, "Abibatu, ashe ba ni kaɗai nake ganin abu haka ba. Ina son aikin nan. Wallahi ina so." Shekara goma sha shida ban taɓa jin ya ce yana son wani abu ba, har hawaye suka zo mini. Na ce to mu sauka mu juya. Ya ce a'a, sai an sallame shi.

Ya yi makonni yana juya abin, sai ya samo hanya, kuma hanya ce mai kyau a al'adarsu, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Yaro ba ya roƙon maigidansa, amma yana iya zuwa gidan da maigidan ya yi koyo ya kama ƙafa, su kuma su aiko da goro su ce wane, yaronka ya isa. Maigida ba ya ƙin maganar gidan da ya fito. Kowa a Yendi ya san a Bawku Alhaji Sidiku ya koyi zubi, wurin wani Mumuni. Ba wanda ya taɓa zuwa, don Bawku da nisa, su kuma sauran yaran gudu ya fi musu sauƙi. Wahabu ya ce wa Alhaji zai raka ni ɗaukar albasa, ya sayi ƙwaryar goro mai kyau, muka tafi.

Mumuni ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Mikaila ne a rumfar, mutum mai fara'a da surutu, shekarunsa ba su wuce hamsin da 'yan kai ba. Ranar kasuwa ce, rumfar cike da masu saye da masu jiran mota da 'yan Burkina da suka kawo tarkacen ƙarfe. Wahabu ya cire takalmi ya tsuguna, ya ajiye goro, ya faɗi abin da ya kawo shi yadda ake faɗa. Mikaila ya maimaita sunan, ya tambaya ko Sidiku dogo mai tabon ƙuna a hannun hagu. Wahabu ya ce shi ne. Sai mutumin ya yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar wanda ya tuna tsohon labari, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ai wannan yaron babana ne. Ya gudu. Ni ina ƙarami lokacin. Har baba ya mutu bai sallame shi ba. Wa ya ce muku shi masta ne?"

Na dubi Wahabu, yana tsugune hannunsa a kan goron, ya kasa ɗagowa. A nan na gane abin da ke sa Alhaji ɗaukar buta. Tsohon ya bar mutane suna zaton an sallame shi, wannan ya iya, tunda ba shi ya faɗa ba. Amma ya miƙe a gaban jama'a ya ambaci sunan Mumuni ya ce ya sallame shi, a shafa fatiha a kan ƙarya, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya gwammace a ce masa marowaci, yara su yi ta gudu. Dukansu kuwa sun gudu sun sauƙaƙa masa, ban da wannan ɗan'uwan nawa da ya zauna masa a ƙofa shekara da shekaru yana jiran abin da babu.

Da Mikaila ya ga yadda fuskokinmu suka yi, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ja mu gefe ya ce abin yana da gyara. Shi ne magajin rumfar, yana iya sallamar Sidiku a madadin babansa, amma sai ya zo da ƙafarsa, ya cire hula da takalmi, ya ɗauki akwatin yashi sau ɗaya kamar kowane yaro, ya tsuguna a gaban 'yan sana'a. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, haka ya tarar. Wahabu ya roƙe shi don Allah maganar ta tsaya a nan. Mikaila ya ce shi ba zai gaya wa kowa ba, ya kuma cika alkawari, sai dai an riga an ji. Mu mun tsaya ɗaure buhunan albasa, maganar ta hau motar farko.

Kafin mu isa Yendi gari ya ɗauka. Mutanen da suka shekara talatin suna ce wa Alhaji ranka ya daɗe suka gano ashe tun da can suna zargi. Wani da Alhaji ya zauna a gaba ranar sallamarsa har yana tambaya ko tasa sallamar ta inganta. A majalisar da ke ƙofar masallaci ba wanda ya kore shi, kawai dai ranar da ya zo bencin ya cika, ba wanda ya matsa. Ya yi sallama ya wuce gida. Iyayen yara biyu da ke koyo a rumfar suka zo suka ɗauke 'ya'yansu.

Wahabu ya shiga ɗakin tsohon ya kwanta rub da ciki yana neman gafara. Ina tsaye a bakin ƙofa, na shirya in Alhaji ya ɗaga murya in ɗaga tawa, don a cike nake. Bai ɗaga ba. Ya tambayi Wahabu abin da Mikaila ya ce, Wahabu ya faɗa masa duka, har da hular da akwatin yashin, ya kuma ce shi ya janye, ba ya son sallamar, ba ya son Kumasi, a bar maganar. Da ya gama, tsohon ya ce, "Ranar Lahadi ka nemo mana mota."

Na bi su. Ban yarda zai yi ba sai da na gani. Mikaila ya yi ƙoƙari ya rage taron, amma Bawku gari ne da ba a ɓoye irin wannan, har kan katanga akwai mutane. Alhaji Sidiku, mai shekara saba'in da wani abu, ya cire hularsa ya miƙa wa Wahabu. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ashe sanƙo ne da shi, da ɗan farin gashi a gefe. Ya tuɓe takalmi, ya sunkuya ya ɗauki akwatin yashi. Wahabu ya zabura zai kama masa, tsohon ya ture shi da gwiwar hannu. Ya kai akwatin inda aka nuna masa yana haki, ya dawo ya tsuguna a gaban Mikaila, mutumin da ya taɓa goyawa yana yaro. Mikaila ya faɗi kalmomin da sauri yana share ido, ya miƙa masa ludayi, aka shafa.

Daga inda yake a tsugunen ya kira Wahabu. Kowa na jin sa. Ya ce, "Ni Sidiku, wanda gidan Mumuni ya sallama yau, na sallami Wahabu ɗan Zuberu na Salaga. Ya isa tun tuni. Ni ne ban isa ba." Ya miƙa masa ludayin da bai gama ɗumi a hannunsa ba. Aka sake shafa fatiha. Da aka ce a tashi, gwiwoyin tsohon suka ƙi, sai Wahabu ne ya sa hannu ya ɗaga shi cak, ya mayar masa da hularsa.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na yi guɗa a tsakiyar maza, ban damu ba. Da na isa Kumasi na gaya wa Fatawu, ya ce mai maƙerar zai jira har ƙarshen wata. Na dawo Yendi da motar doya, na sa direba ya bar kujerar gaba, na aika wa Lariba ta haɗa masa kaya.

Na tarar da jakar a ɗaure a tsakar gida, shi kuma yana rumfa shi kaɗai, yana juya ƙafar keke da hannu ɗaya yana gyara gawayi da ɗayan, aikin da ya bari tun yana ɗan shekara goma sha shida. Lariba ta ja ni gefe ta ce tun dawowarsu daga Bawku Alhaji bai ƙara fita ƙofar gida ba, ko masallaci. Mutanen Yendi sun ce ya yi abin kirki, amma da baki kawai, ba wanda ya taka ya zo gaishe shi. Ba ya cin abinci sai Wahabu ya zauna sun sa hannu tare. 'Ya'yansa sun zo sun yi kwana biyu sun koma gidajen mazajensu.

Na ce wa Wahabu mota na jira. Ya ce ya sani. Na tambaya ko tsohon ne ya hana shi, don in shi ne yau za a yi ta. Ya ce a'a, kullum da safe sai Alhaji ya ce masa ya tafi, jiya ma har da faɗa. Na ce to me kake jira kuma, wasiyyar baba ta cika, an sallame ka a gaban duniya, ga aikin da ka ce kana so.

Ya tsayar da ƙafar keken. Ya ce, "Ina so har yanzu. In na rufe ido murfin nan nake gani yana juyawa." Sannan ya ce, "Kin ga lokacin da na ɗaga shi a Bawku? Ba shi da nauyi, Abibatu. Kamar Asana 'yata. Duk abin da yake da shi a garin nan ya cire ya ba ni, ni kuma in karɓa in hau mota?"

Na ce masa ba kai ka sa shi gudu daga Bawku ba, ba kai ka sa shi ya riƙe ka shekara goma sha shida ba. Na ce tsohon ya tsuguna ne don ka tafi, in ka zauna ka mayar da tsugunonsa banza. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su dace a faɗa wa yaya ba, kuma har yau ina ganin gaskiyata ce. Ya saurare ni har na gama, ya ce duk abin da na faɗa haka ne.

"Da can shi ya riƙe ni," ya ce. "In na kwanta ina da wanda zan ji haushi. Yanzu ba mai riƙe da ni, kuma ba inda zan iya zuwa."

Direba ya yi ta danna oda har ya gaji ya aiko a kira ni. Na tafi kujerar gaba ba kowa, ina kuka ina zaginsa har Tamale. Da wata ya ƙare mai maƙerar ya ɗauki wani saurayi daga Kumasi, na ji an ce ya iya aikin sosai. Wahabu ya zama masta, an rubuta sunansa a rumfa, in an taru ana matsa masa a kan benci. Yakan zauna kaɗan ya tashi, ya ce ya bar tsoho shi kaɗai.

A lokacin kowa cewa yake Alhaji Sidiku ba zai kai azumi ba, ni ma da haka na lallashi kaina, na ce wata nawa ne. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma Wahabu ne ya yi masa wanka.